Aiki a inda haɗari yake: tambayoyin da ma'aikatanmu a Saudiyya suka fi yi

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga 'yan'uwa masu aikin gini a Makka, Jidda da Riyad, da masu aiki a matatun mai da masana'antun sinadarai na Jubail da Yanbu: leburori, masu walda, masu haɗa bututu, direbobin manyan injuna, da waɗanda aka ɗora su a kan mutane. An sa wa kowace tambaya lamba don a riƙa komawa wata daga wata.

1. Idan aka ce kamfani yana da tsarin kiyaye haɗari, me ake nufi? Ba hular kwano da takalmi ba ne?

Hula da takalmi su ne na ƙarshe a layi. Masu wannan fanni suna jera matakan kariya biyar, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni: a kawar da haɗarin gaba ɗaya; in bai yiwu ba a musanya shi da abin da bai kai shi illa ba; sai a sa shinge, murfi ko na'ura tsakanin mutum da haɗarin; sai dokoki da horo; sannan kayan kariyar jiki. Ɗauki waldar ƙarfen rufi mai tsayin mita 12. In an haɗa ƙarfen a ƙasa, ƙugiyar ɗaga kaya ta ɗaga shi, babu wanda zai faɗo. In dole sai an hau, dakali mai shinge ya fi ɗamarar hana faɗuwa, domin shinge yana tsare mutum ko ya manta, ɗamara kuwa sai an maƙala ta.

Tsarin shi ne yadda kamfani ke gano haɗari kafin a fara aiki, ya faɗi wanda alhakin kowane mataki ke wuyansa, ya ba da kaya da lokaci, ya duba ko ana bi. Takardar ISO 45001 da ake ratayewa a ofis shaida ce cewa an rubuta tsarin kuma an duba shi. Abin da ake yi ƙarfe huɗu na yamma, motar kankare na jira, foman na ta "yalla, yalla", wannan kuma sai ka tsaya a filin ka gani.

2. Mutum ya san doka, an horar da shi, ya sa hannu. Me ke sa ya karya ta?

Galibi ba rashin sani ba ne. Ma'aikaci yana lura da abin da ake yabawa da abin da ake kau da kai a kansa, sai ya bi wannan. In an ce a jira famit, wato takardar izinin fara aiki, amma wanda ya jira ya sha faɗa don aiki ya tsaya awa ɗaya, wanda bai jira ba aka ce masa jarumi, to kowa a ƙungiyar ya gane ainihin dokar wurin. Haka biyan kuɗi a kan yawan aiki, mita kaza na bulo ko bututu kaza a rana: duk mintin da mutum ya ɓata wajen ɗaura ɗamara daga aljihunsa yake fita.

Na biyu, dokar da ba ta yiwuwa a aikace. An ce a maƙala ɗamara, amma babu inda za a maƙala. An ce kada a cire murfin giranda, amma faifan da aka kawo ya fi girman murfin. An ba mutum tabarau mai yin hazo da gumi har ba ya ganin abin da yake yankawa, dole ya ɗaga shi sama da goshi. A irin wannan, ƙara wa'azi ba ya gyara komai, kayan ne za a canza.

Na uku ya fi wuyar ganewa. An tsallake mataki sau ɗaya, ba abin da ya faru. An sake, lafiya lau. Bayan wata uku tsallakewar ta zama ita ce hanya, har sabon da ya zo ana koya masa ita. Shi ya sa tsoffin hannu ba su tsira ba: sabo yana jin ciwo don bai san haɗarin ba, tsoho kuma don ya daina ganinsa.

3. Ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ina amfanin duk wannan?

Gaskiya ne, kuma cikin abin da aka umurce mu akwai riƙo da sababi. Hadisin mai raƙuma sananne ne, inda Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Abin lura shi ne wa ke kawo maganar ƙaddara da kuma yaushe. Ma'aikaci ya faɗe ta bayan rashi, haƙuri ne. Ɗan kwangila ya faɗe ta kafin a tokare bangon rami, kuɗin katako yake gudu.

4. Tsakanin manaja, jami'in sefti (mai kula da kiyaye haɗari) da foman, wa ya fi tasiri a kan halin ma'aikata?

Foman, nesa ba kusa ba. Shi ke raba aiki da safe, shi ke rubuta ƙarin awanni, shi ke cewa wane ya huta wane ya ci gaba. Jami'in sefti yana zagayowa ne ya wuce, kuma kowa ya san yadda huluna ke komawa kai da zarar an hango shi daga nesa. Wurin da aka bar wa jami'in sefti shi kaɗai maganar kiyaye haɗari, ya zama ɗan sandan da ake ɓoye wa abu.

Amma foman ma ƙarƙashin wani yake. In manajan aiki tambayarsa ɗaya ce kullum, "kashi nawa aka gama?", foman zai sauke wannan matsin a kan leburori. Kamfanin da ke son canji yana sa kiyaye haɗari cikin abin da ake auna foman da shi: gyare-gyare nawa aka nema a yankinsa, nawa aka kammala, cikin kwana nawa. Taron safe na minti goma kafin a fara aiki shi foman ne ya kamata ya jagorance shi, a kan aikin ranar: yau ƙugiya za ta wuce ta ina, wa ke aiki a sama, wa ke ƙasansa.

5. Muna da allo a ƙofa mai nuna kwanakin da aka yi ba rauni, kuma ana ba da tukuici. Wannan ba alheri ba ne?

Yana da illar da ba a cika faɗa ba. In tukuicin ƙungiya gaba ɗaya ya rataya a kan kada a rubuta rauni, to wanda ƙarfe ya yanke shi zai naɗe hannu da tsumma ya yi shiru, don kada ya ja wa mutum talatin asara. Lambar allo na hawa, labarin gaskiya na ɓacewa. Ya fi kyau a ba da tukuici a kan abin da mutum ya yi: ya kawo rahoton haɗari, ya tsayar da aikin da ba daidai ba, ya kawo shawarar da aka yi amfani da ita.

Sannan ƙarancin ƙananan raunuka ba ya nuna babban bala'i na nesa. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, manyan jami'ai suna kan dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a tekun Meziko, cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikata kan shekara 7 ba tare da raunin da ya hana mutum aiki ba. A daren rijiyar ta fashe, mutum 11 suka mutu. Matatar mai ta kamfanin BP da ke Texas City a Amurka ma alƙaluman raunukanta suna da kyau kafin fashewar 2005 da ta kashe mutum 15. Ƙirga wanda ya zame a matakala daban, duba bawul da na'urar ƙararrawa da aka daɗe ba a gyara ba daban.

6. Tara da kora ba su ne ke sa mutane su shiga taitayinsu ba?

Suna da gurbi, amma ƙarami. Ana raba abu uku. Kuskure, kamar mutum ya murɗa bawul ɗin da ke kusa da wanda aka ce, alhali babu lamba a jikinsu. Wannan gyaran tsari yake so. Sai gajeriyar hanya da kowa ke bi kuma foman ya sani. Hukunta mutum ɗaya a nan zalunci ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Sai ganganci, kamar cire kwaɗon wani daga makunnin wuta ko zuwa aiki a buge. Nan hukunci ya wajaba. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: da an sa wani ma'aikaci mai irin horonsa a wurin, da kayan nan da matsin nan, zai yi abin da ya yi? In amsar e ce, matsalar ba ta mutumin ba ce.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta iyakance tara: ba a cin ma'aikaci fiye da albashin kwana 5 a kan laifi ɗaya, kuma sai an sanar da shi laifin an ji ta bakinsa. Ta kuma hana mai aiki cire kuɗin kayan kariya daga albashi.

7. Abu ya faɗo kusa da ni, bai same ni ba. Sai na kai rahoto?

Ka kai. Sifana da ta faɗo daga hawa na shida ta sauka taku biyu daga inda kake, abin da ya raba ta da gawa sa'a ce kawai, kuma dalilin faɗowarta yana nan: babu allon tare kaya a bakin dakali, ko ba a ɗaure kayan aiki da igiya ba, ko ba a killace ƙasan ba. Rahoton ya ƙunshi wuri, lokaci, abin da ya faru da abin da ka ga ya jawo shi. Ba sai ka ambaci sunan kowa ba.

Ko mutane za su ci gaba da kawo irin wannan rahoto ya danganta da abin da ya biyo bayan na farko. In aka gyara cikin kwana biyu aka faɗa a taron safe, gobe wani zai kawo. In tambayar farko ita ce "me ya kai ka wurin?", an rufe ƙofar. Duba tambaya ta 5 da ta 6.

8. Famit ɗin fara aiki ba ɓata lokaci ba ne? Takarda ce kawai ake sa wa hannu.

In a ofis ake sa hannu ba tare da an taka wurin ba, to takarda ce kawai. Famit na gaskiya yana nufin mai bayarwa da mai karɓa sun je wurin tare, sun ga abin da aka kashe da abin da aka rufe, an gwada iska in aikin wuta ne ko shiga tanki, an rubuta lokacin farawa da na ƙarewa. In aikin ya canza, misali aka zo yankan bututu ɗaya sai aka ga sai an taɓa na kusa da shi, famit ɗin ya mutu, sabo za a nema. Bayan an gama walda mai gadin wuta yana tsayawa aƙalla minti 30, wasu kamfanoni awa ɗaya, don tartsatsi yakan ci a ɓoye.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne canjin ma'aikata. A dandamalin Piper Alpha da ke tekun Arewa, ranar 6 ga Yuli, 1988, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, ba su gama ba. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, masu aikin dare suka tayar da na farkon ba su san an cire masa bawul ba, domin labarin bai isa gare su ba. Mutum 167 suka rasu. Miƙa aiki baki da baki, a gaban injin, da famit a hannu, daga irin wannan aka koyo shi. Lokacin babban gyara, da ake kashe masana'anta 'yan kwangila su cika wuri, shi ne famit ya fi yawa kuma aka fi gaggawa. Gobarar da ta kashe mutum 12 a wata masana'antar sinadarai a Jubail a Afrilun 2016 ana cikin aikin gyara ta tashi.

9. Me ya sa kowa sai ya sa kwaɗonsa a makunnin inji kafin a fara gyara? Na foman bai isa ba?

Bai isa ba. Mutum biyar a kan inji, kwaɗo biyar a kan makunni, kowa makullinsa a aljihunsa, da katin sunansa. Ta haka ba za a iya kunna injin ba sai na ƙarshe ya fito ya cire nasa. Bayan an kulle, a sauke abin da ya rage a ciki: iskar da ke matse, man haidirolik, nauyin da ke rataye. Sannan a danna maɓallin kunnawa a gani ko zai tashi, a gwada waya da mita. Wannan gwajin shi aka fi tsallakewa, kuma shi ke tona cewa an kulle makunnin da ba shi ba.

10. Tanki babu komai a ciki, ba wari. Me zai hana in leƙa?

Hanci ba na'ura ba ne. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 20.9 cikin 100. Ƙasa da 19.5 ba a shiga. Tankin da aka wanke da iskar naitirojin ba ya wari ko kaɗan, kuma shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta sumar da mutum, ko kai kawai ya zura. Gwajin yana da jeri: oksijin, sai iska mai kamawa da wuta, sai mai guba, kuma a sama, tsakiya da ƙasan tankin, don wasu iskokin suna kwantawa ƙasa.

A wuraren mai da gas, da ramukan bahaya, babban abokin gaba shi ne iska mai guba da ake kira H2S. Yana warin ruɓaɓɓen ƙwai in kaɗan ne, amma in ya kai wajen ppm 100, wato kashi 100 cikin miliyan na iska, yana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ya wuce. Na'urar da ake maƙalawa a ƙirji galibi tana kuka a ppm 10. In ta yi kuka, dubi tutar iska, ka ratsa gefe sannan ka nufi inda iska ke fitowa. Takunkumin ƙura ba ya tare shi.

Mai gadin ƙofar tanki ba ya shiga, ko ƙaninsa ne ya faɗi a ciki. Aikinsa ya kira masu ceto masu tukunyar iska. Da yawa daga gawarwakin da ake fitarwa daga irin waɗannan wurare na waɗanda suka shiga ceto ne, kuma a cikinmu da zumunci ke da ƙarfi wannan sai an maimaita shi a atisaye, faɗa da baki ba ya isa.

11. Ina sanye da ɗamara. Ai na tsira daga faɗuwa?

Sai in an cika sharuɗɗa. Daga tsayin mita 1.8 ake neman kariya a yawancin manyan kamfanoni. Igiyar ɗamara mai mita 1.8 da jakar rage girgiza tana buƙatar sarari kusan mita 5.5 zuwa 6 daga inda aka maƙala ta zuwa ƙasa. Wanda ke hawa na mita 3 da irin wannan igiya zai bugi ƙasa kafin ta riƙe shi. A maƙala sama da kai, a jikin abin da aka tabbatar da ƙarfinsa, ba bututun ruwa ko tiren waya ba. Igiya mai reshe biyu amfaninta kada ka saki ɗaya sai ka maƙala ɗaya. Wanda ya faɗi yana reto kuma a sauke shi da gaggawa, don jini yana taruwa a ƙafafu.

Sigala, wato dakalin da ake haɗawa don hawa gini, tana da kati a bakin tsani: kore a hau, rawaya a hau da ɗamara, ja ko babu kati kada a hau. Cire sanda ɗaya don a shigar da kaya ya soke katin har sai masu haɗa ta sun dawo sun duba.

12. Me doka ta ce game da zafin rana, kuma ya ake yi da azumi?

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana. An keɓe ma'aikatan mai da gas da masu gyaran gaggawa, bisa sharaɗin a ba su kariya. Ana kai ƙara ma'aikatar ƙwadago ta lamba 19911. Sai dai a Jubail, Dammam da Jidda, inda danshi ke hana gumi bushewa, ƙarfe goma na safe ma tana kayar da mutum. Kofi ɗaya na ruwa kowane minti 15 zuwa 20, tun kafin ƙishirwa. Sabon zuwa, ko wanda ya dawo daga hutu, jikinsa yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu, a fara masa da kaɗan ana ƙarawa. Kada a ce ai daga Sakkwato ko Agadas ya fito, ya saba.

Nan ma tsari ke juya hali: in randar ruwa na nesa da mita 200, ko banɗaki na ƙasa mutum na hawa na goma, zai rage sha. Wanda ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a kira motar asibiti ta lamba 997. A watan Ramadan doka ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa 6 a rana, kuma kamfani mai hankali yana mayar da aiki mai nauyi bayan asuba ko dare. Wanda ya ji alamar halaka, malamai sun yi bayanin ya sha ya rama.

13. Ba na jin Larabci sosai, Turanci ma haka. Ina sa hannu ne kawai.

Wannan matsalar kamfani ce kafin ta zama taka, domin doka ta ɗora wa mai aiki ya sanar da kai haɗarin aikin kafin ka fara. Nemi a haɗa ka da wanda ke jin Hausa a ƙungiyar. Foman kuma ya daina tambayar "kun gane?", kowa kai zai gyaɗa. Ya ce wa mutum ya nuna: ina makunnin, ina za ka gudu, ya alamar tsayawa take da hannu.

14. Zan iya ƙin yin aikin da na ga haɗari ne ba tare da na rasa aikina ba?

Manyan kamfanoni suna da ƙa'idar cewa kowa na iya tsayar da aiki. Ƙarfinta kuwa yana bayyana ne ranar da lebura ya tsayar da aiki aka duba aka ga ba komai: in aka gode masa, ƙa'idar na da rai. Yadda ake faɗa yana taimakawa. Ka ambaci abin da ka gani da abin da kake nema: "Maigida, ramin nan ya wuce ƙirjina kuma ba a tokare shi ba, a kira injiniya ya duba kafin mu sauka." Ku yi magana ku biyu ko uku, a ɗauki hoto in an yarda da waya a wurin. Sashe na 81 na dokar ƙwadago ya ba ma'aikaci damar barin aiki ba tare da rasa haƙƙinsa ba in akwai babban haɗari da mai aiki ya sani bai kawar ba.

Ba ma'aikaci kaɗai shiru ke ci ba. Ranar Juma'a 11 ga Satumba, 2015, iska mai ƙarfi ta kayar da ƙugiyar ɗaga kaya a Masallacin Harami, mutum fiye da 100 suka rasu, cikinsu har da alhazan Najeriya. Bincike ya nuna an bar hannun ƙugiyar a ɗage, saɓanin umurnin masu ƙera ta na a sauke shi in ba a aiki ko in iska ta taso.

15. Na ji ciwo a wurin aiki. Foman ya ce in ce a gida na faɗi, zai biya magani. In yarda?

Kada ka yarda. Hukumar inshorar ma'aikata ta GOSI, wato Ta'aminat, tana rufe raunin aiki ga ɗan ƙasa da baƙo, kuma mai aiki ne ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi don haka, ba kai ba. Haɗari a hanyar zuwa aiki ko dawowa yana ciki. Ka sanar da mai aiki cikin kwana 7, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 3. Da zarar takardar asibiti ta ce a gida ka faɗi, kuɗin kwanakin jinya da diyyar nakasa sun yi wuyar samu, kuma ciwon baya ko na ido yakan dawo bayan watanni, lokacin da foman ya koma wani aikin. Dalilin da ke sa shi neman haka yana tambaya ta 5.

Tun kafin wani abu ya faru, duba a manhajar hukumar ko an yi maka rajista, kuma da wane albashi, don da shi ake lissafin diyya. Wanda ke aiki ba ikama, wato takardar izinin zama, ko a hannun wanda ba kafilinsa ba, ba ya cikin rajistar wannan wurin, kuma irinsu aka fi turawa rami da saman gini a ƙananan kwangiloli. In saɓani ya taso da mai aiki, ana farawa da zaman sulhu a ofishin ƙwadago kafin kotun ƙwadago. Ka ajiye rahoton asibiti na ranar farko, hoton wurin, da lambar wayar mutum biyu da suka gani.